Wane gilashin leƙawa zan ƙara wa teleskof mai madubi milimita 130?

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Teleskof ɗina mai madubi ne, faɗin madubin milimita 130, tsawon fokas, wato nisan madubi zuwa inda haske ke haɗuwa, 650. Ya zo da gilashin leƙawa biyu, mai lamba 25 da mai lamba 10. Wata yana fita tas, amma Zuhal, duniyar nan mai zobe, ɗan mitsitsi ne, zobensa ma sai an ƙura ido. Wani mai sayarwa a intanet ya ce in haɗa mai lamba 4 da Barlow, gilashin da ake ƙarawa don ninka girman hoto, mai ninki uku, wai zai ba ni kusan ninki 500. Kuɗin hannuna na abu ɗaya ne. Me zan saya?

Malam Na-Jega:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Lambar da ke jikin gilashi tsawon fokas ɗinsa ne a milimita, da ita ake raba na teleskof. 650 a raba da 25, ninki 26. A raba da 10, ninki 65. Mai lamba 4 zai ba ka 162, da Barlow ɗin ya koma 487. Lissafin mai sayarwa daidai ne, hoton ne ba zai yi ba. Iyakar ninkin da madubi ke ɗauka kusan faɗinsa ne sau biyu, wato 260 a naka, shi ma sai daren da iska ta kwanta. Ka wuce nan, Zuhal zai ƙara girma amma ya dushe, ba abin da zai ƙaru sai rawa.

Abin da kake nema yana tsakanin ninki 110 da 160. Hanya mai sauƙi ita ce Barlow mai ninki biyu, mai kyau: na 10 ya ba ka 130, na 25 ya ba ka 52. Abu ɗaya ka saya, ninki huɗu ka samu. A 130 zoben zai rabu da jikin Zuhal sarai, ka kuma ga ratsi biyu a jikin Mushtari. Ka auna bakin da ake zura gilashin kafin ka biya. Irin naka yawanci inci 1.25 ne, kada a haɗa ka da tsohon yayi mai inci 0.965.

Malamar Fiziks, Birnin Kebbi:
Malam ya yi daidai a lissafi, amma ban bi shi a kan Barlow ba. Mai lamba 10 da ake sakowa a kwali shi ne galibi mafi rauni a kayan, kuma Barlow ba zai mayar da shi gilashi mai kyau ba. Ni a ganina ka sayi mai lamba 5, shi ma ninki 130 zai ba ka, mai tazarar ido, wato nisan ido da gilashi lokacin kallo, milimita 15 zuwa 20. Kada ka ɗauki samfurin gilashin da ake kira Plössl a wannan lambar: tazararsa kusan kashi 70 cikin ɗari na lambarsa ce, wato ba ta kai milimita 4 ba. Gashin idonka zai riƙa shafa wa gilashin maiƙo, mai tabarau kuwa ba zai ga filin duka ba.

Ka duba faɗin fili ma. Plössl digiri 50 yake bayarwa, ko 52. A raba digiri 50 da ninki 130, abin da kake gani na sama bai kai rabin digiri ba, kuma duniya tana juyawa, don haka Zuhal zai ratsa filin ya fice cikin kamar minti ɗaya da rabi idan ba ka da injin bin taurari. Mai digiri 60 zai ƙara maka sararin numfashi. Sai dai madubinka gajeren fokas gare shi, 650 a raba da 130 biyar ke nan, kuma irinsa yana tona asirin gilashi mai faɗi na araha: tsakiya tas, gefe taurari sun yi jela. Duk wanda ka ga an rubuta H ko SR a jikinsa, tsohon samfuri ne na araha, bar shi a kanti.

Ɗan Argungu:
Na gode, Malam da Malama. To na neman jinjirin wata fa, in sayi mai lamba 40?

Baban Yara, Yauri:
A'a, yaro. Raba lambar da biyar ɗin da Malama ta faɗa: 40 zai fitar da haske mai faɗin milimita 8, ƙwayar ido kuwa ba ta cika wuce 7 ba ko a matashi cikin duhu. Da magariba ta fi haka tsukewa, sai ka ga baƙin tabo a tsakiya, inuwar ƙaramin madubin da ke cikin teleskof ɗin ce. Kuma a bakin inci 1.25, mai 40 ba ya nuna sama fiye da mai 32. Na 25 ɗinka ya isa jinjirin wata, ya isa Kaza da 'Ya'yanta. Amma kada ka juya teleskof yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya, kallo ɗaya yana makantarwa.

Kafin ka zargi gilashi, saita madubanka biyu, ka kuma fitar da teleskof waje rabin awa kafin kallo. Kada ka kalla ta saman rufin kwano da ya sha rana, ka jira Zuhal ya yi sama sosai. Da hunturu ƙura za ta hau gilashin: hure ta da ɗan famfon roba tukuna, sannan ƙyallen goge tabarau. Bakin riga da ƙurar nan karce shi za su yi. Da damina kuma kada ka rufe shi da laima a jiki, bar shi ya bushe a ɗaki, in ba haka ba fumfuna ta kama shi daga ciki.