Takardar tambayoyi ko zama da su? Ina neman shawara kafin zaman kwamiti

Ummu_Hanan: Assalamu alaikum. Ni ce mai kula da walwala a ƙungiyar ɗaliban jami'armu. Hukuma ta kafa kwamiti kan ɗalibai masu buƙata ta musamman, an ce mu kawo hujja kan yadda malamai, ma'aikata da sauran ɗalibai ke kallonsu, kafin zangon nan ya ƙare. Lokacin ba zai ishe ni hanya biyu ba. Ko in raba takardar tambayoyi ga kowa ba tare da suna ba, ko in zauna da makafi, kurame da masu keken guragu in rubuta abin da ya same su. Wanda ya taɓa yi, wanne kwamiti ya fi saurara?

Abu_Sadiq: Wa alaikumus salam. Ki buɗe Google Forms ki jefa a zauren WhatsApp na kowane sashe, an wuce wurin.

Malam_Lakcara: 'Yar uwa, rabawar ba ita ce wahala ba, abin da za ki tambaya ne. Na taɓa duba aikin wani ɗalibina da ya ɗauko ATDP, ma'aunin ra'ayin mutane game da masu naƙasa, wanda Harold Yuker da abokan aikinsa suka tsara a 1960. Sakamakon ya fito fes, kowa mutumin kirki. To wa zai rubuta da hannunsa cewa ba ya son makaho a ajinsa, ko da babu suna? Ki bar tambayar ra'ayi, ki tambayi aiki. Misali: a zangon da ya wuce, ka taɓa tura wa ɗalibi makaho takardun lacca ta kwamfuta? Ka taɓa roƙon a sauko da ajinka ƙasa saboda mai keke?

Mai_Keke: A sauko da aji ƙasa, Malam? Bari in ba ku labari. Sashenmu a saman bene yake, babu lifta. Tun daga ajin farko har na kammala, abokaina ne ke ɗaukata da kekena su hau da ni. Ranar da suka makara, a gindin matakala nake zama ina jiyo lacca ta taga. Na rubuta wa shugaban sashe, aka ce jadawali ya riga ya fita. Na sake rubutawa, sai sakatare ya ce min cikin tausayi wai me ya sa ban nemi kwas mai sauƙi ba. Tausayin nan ya fi zagi ciwo, wallahi. Ana gab da zuwan masu tantance kwasa-kwasai aka zuba siminti a ƙofar ɗakin karatu wai gangara. Ƙa'ida ita ce duk tsayin mita 1 a ba shi tsawon mita 12. Tasu kuwa ko mai ƙafa sai ya dafa bango. Ranar da na gwada saukowa ni kaɗai, na kife, hannuna ya goce ana saura mako jarrabawa. Aka zo dubiya, aka ce Allah ya kiyaye gaba, shi ke nan. Kuma an taɓa kawo mana irin takardar nan taki, na cika ta da hawaye. Har yau ban ji inda ta kwana ba.

Hajiya_Binta: Innalillahi. Sannu ɗana, Allah ya saka maka. Ita gangarar tana nan har yanzu?

Mai_Keke: Tana nan, Hajiya. An ma yi mata fenti.

Ɗan_Zolaya: Fenti ai ci gaba ne. Ummu_Hanan, ki shirya: kwamitinku zai haifi ƙaramin kwamiti, shi kuma ya nemi a ba shi ofis a hawa na uku.

Ma'aikacin_Ofis: Ku yi mana adalci. Ba mugunta ba ce, kuɗi ne. Mun taɓa neman sayen JAWS, manhajar da ke karanta wa makafi rubutun kwamfuta, kuɗin lasisin ya sa aka ajiye maganar.

Sauti_Kawai: Malam, da NVDA, wata manhajar irin JAWS, nake karanta wannan rubutun naka yanzu, kuma kyauta ce tun fitowarta a 2006. Ko sisi ba a biya. Da kun tambayi makaho ɗaya da kun sani. Abin da ke kashe mu shi ne malami ya ɗauki hoton takarda ya tura, manhaja ba ta ganin komai a ciki.

Ma'aikacin_Ofis: To mai fassara wa kurame fa? Shi ma kyauta ne? Albashi ne cur, kuma mutum ɗaya ba ya iya lacca tun safe har yamma.

Sauti_Kawai: Wannan gaskiya ne. Amma kada a fake da mai tsada a ƙi yin na kyauta.

Ummu_Hanan: Na gode, amma don Allah a dawo kan tambayata. Ofishin rajista ma sun ce ɗaliban ba su da yawa, shi ya sa nake tsoron a ce labarin mutum kaɗan ne.

Malam_Lakcara: Rajista tana ƙirga wanda ta gani da sanda ko keke ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum biliyan 1.3, kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna da naƙasa mai nauyi. Mai farfaɗiya, mai ƙarancin ji, mai larurar ƙwaƙwalwa, da yawa suna ɓoyewa. Ki sa tambayoyi shida na Washington Group, masu tsara ƙididdigar naƙasa, a farkon takardar: gani, ji, tafiya, tunawa, kula da kai, da isar da magana. Ba sa cewa kai naƙasasshe ne, suna tambayar girman wahalar da kake sha. Kwamiti lamba yake so, da ita ake neman kasafi.

Mai_Keke: Da girmamawa Malam, kai a saman benen kake, ni a ƙasa. Lamba ce ta hana a sauko da ajina?

Malam_Lakcara: Ɗan uwa, ni na zauna a irin waɗannan kwamitoci. Labari kan sa su yi shiru minti biyar, sannan a wuce batu na gaba.

Sauti_Kawai: Ka zauna, mu kuma ba a taɓa gayyatarmu ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ba a sashe na 24 kan ilimi ta tsaya ba, sashe na 4 ya ce a tuntuɓi masu naƙasa ta hannun ƙungiyoyinsu a duk abin da ya shafe su. Ummu_Hanan, mutum nawa ne daga cikinmu a kwamitin?

Ummu_Hanan: Babu ko ɗaya.

Ɗan_Zolaya: An yi biki ba amarya ke nan.

Hajiya_Binta: Ni dai abin da zan ce, idan za ki zauna da su, ki kiyaye. Sashe mai makauniya ɗaya, ko kin cire suna kowa ya san ita ce. 'Yar ƙanwata ta yi ƙorafi kan wani malami, har ta gama ba ta ƙara samun sakin fuska ba.

Sauti_Kawai: Hajiya kin tuna min. Maganar mai rubuta mana jarrabawa fa? An ce kada ya zama ɗan kwas ɗinmu don kada ya taimaka, na yarda. Sai aka kawo min wanda bai taɓa jin kalmomin fanninmu ba, ina faɗa yana rubuta wani abu daban. Ƙarin lokaci kuma ya danganta da wanda ke tsaron ɗakin ranar.

Abu_Sadiq: Mu a wajenmu ana ba su ƙarin lokaci ai.

Mai_Keke: A rubuce yake, ko alfarma ce? Mu an ce akwai, mai tsaro ya ce shi bai ga takarda ba. Ma'aikacin_Ofis, tunda kana kusa, ban ɗakin da aka gina mana aka rufe da kwaɗo aka tara tsintsiya da bokiti a ciki, mabuɗin yana hannun wa?