Musayar waƙa: me za a fara yi wa ƙauye?

Ɗan Dakace:
Salam jama'a, in kuɗin gwamnati ba zai isa komai ba me za a fara yi wa ƙauye? amsa da baiti kawai don Allah ban da dogon turanci, ga nawa

Ku ba mu hanya ko da babu taki,
Damina in ta kankama sai dai jaki,
Tumatirin Galma ya ruɓe a kwando tun daga ciki,
Dillali ya taya a wulaƙance, dole ka saki,
Mai naƙuda a bayan babur, wannan wane irin aiki?

Baba na Tudun Wada:
Ɗana ka yi ƙoƙari amma tsaya ka ji, mu mun ga jiya

Alkawari dai ba yau muka fara ji ba,
Obasanjo a 1976 ya ce a ciyar da ƙasa, ban manta ba,
Shagari ya zo da nasa a 1980, bai yi ƙarko ba,
DFRRI, hukumar raya karkara, a 1986 ta zuba burji, ruwa bai bar shi ba,
Aikin gona na Funtuwa na 1975 shi ne ban raina ba,
Malamin gona har gona yake binka, bai tsaya ofis ba.

'Yar Samaru:
Baba Allah ya ƙara girma, wlh ka sosa min inda ke ƙaiƙayi, kullum ta gaban gonakin gwajin IAR, cibiyar binciken noman nan ta Zariya, nake wucewa abin na ci min rai

IAR na nan Samaru tana ta fid da iri,
Masarar SAMMAZ har da mai jure fari,
Wake mai ƙin tsutsa a 2019 ya fito sarari,
To manomin Soba wa zai kai mai labari?
Malamin gona ba babur ba mai, yana zaune a gari.

Kawu na Giwa:
Duk kun yi gaskiya amma ku matso ku ji,
Gonarmu ta nesa mun bar wa ɓarayin daji,
Kuɗin fansa ya ci shanun huɗa, ya ci har kaji,
Ku fara da tsaro sannan a yi zancen burji.

'Yar Samaru:
Kawu Allah ya kawo sauƙi, ba ni da ja a nan, amma duk abin nan kuɗi ne fa kuma an san inda ya maƙale

A Maputo, 2003, ƙasashen Afirka sun sa hannu kan kashi goma,
Na kasafin kuɗi duk shekara a ware wa noma,
Har yau Abuja ba ta kai ba, ko kusa ma,
Kotun ƙoli a 2024 ta ce kason ƙaramar hukuma,
A tura shi kai tsaye, ba ta hannun gwamna kuma,
To ciyaman ranka ya daɗe, ina kwalbatin da ruwa ya ɗauke mana tun bara ma?

Ɗan Dakace:
Kai Anti wannan ƙafiyar ta fi ƙarfina, layin ƙarshen ma ya fi sandar rake tsawo, Baba ka karɓa min kafin in dawo daga kasuwa, amma ni dai ina nan kan hanyata