Fom ɗin oda ya ƙi zama daidai a waya, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa wa yayata shafin intanet na shagon ɗinkinta, ga sallah ta matso. In an taɓa "Yi oda" sai 'yar taga ta buɗe a kan shafin da fom a ciki: suna, lambar waya, irin yadi, da awo guda tara. Da div (akwatin HTML na gama-gari) da z-index (umarnin CSS mai ɗora abu a saman wani) na yi tagar. A kwamfuta lafiya lau. A waya kuwa maɓallin "Aika" nutsewa yake can ƙasa, in ka ja sai shafin baya ya motsa, fom yana nan a tsaye. Jiya a gabana wata mai iPhone ta taɓa gurbin suna, allon ya kumbura, ta ajiye wayar ta ce a ɗauko tef a auna ta kawai. Abin ya tsaya mini a rai. Ina na kuskure?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ƙanena, rabu da div ɗin nan. Sa fom ɗin cikin dialog, wato akwatin HTML da aka yi musamman don irin wannan taga, ka buɗe shi da umarnin JavaScript na showModal(). Da kansa yake hawa saman komai, Esc na rufe shi, ::backdrop kuma zai dusashe maka baya. A cikin manhajojin buɗe shafi, Chrome ya daɗe da shi, Safari (na iPhone) da Firefox suka karɓa a Maris 2022. Ka ba shi max-height: 90dvh da overflow-y: auto don a iya gangarawa zuwa "Aika", sannan overflow: hidden a body, wato jikin shafin, muddin tagar na buɗe, don kada shafin baya ya motsa. Hattara, kada ka sa display: flex a kan dialog kai tsaye, zai fito ko ba a kira shi ba. A dialog[open] ake sawa.

Amsa ta biyu: Kumburin iPhone ɗin daga girman rubutu ne. Duk gurbin da girman rubutunsa bai kai 16px ba, Safari zai zuƙo shi. Mai da shi 16. Lambar waya kuma type="tel", su samu madannin lamba.

Amsa ta uku: Malamai sun gama da gyara, ni dai tsarin ne bai kwanta mini ba. Gurbi goma sha biyu a 'yar taga? Madannin waya kaɗai ya cinye kusan rabin allo. Kuma mace tana riƙe da tef, tana auna hannu, tana auna ƙugu, yatsa ya goce tagar ta rufe, kana ganin za ta sake farawa? Bar suna da lamba a tagar, awo ya samu shafinsa. Sunan kowane gurbi kuma a rubuta shi a sama da label, don rubutun cikin gurbi ɓacewa yake da an fara cikawa, sai ta manta ko tsawon riga take sawa ko na zane.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na koma dialog, na raba fom ɗin biyu. Yaya ta gwada a wayarta yanzu, odar ta shigo. Saura iPhone, sai maƙwabcinmu ya dawo daga kasuwa in ari tasa.