Kwana a cikin mota: yadda sababbin direbobin tirela suke sabawa

Sabon direba, hanyar Kano zuwa Legas:
Assalamu alaikum, iyayenmu da yayyenmu a wannan sana'a. Ban daɗe da karɓar sitiyari ba, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne barci. Ina ɗauko hatsi daga kasuwar Dawanau, idan dare ya yi mini a Tafa ko Makwa sai in kwanta a ɗan gadon da ke bayan kujera, amma ƙarar motocin da ke wucewa da tunanin kayan mutane da ke kaina ba sa barina in runtsa sai gab da asuba. Ina roƙon ku gaya mini yadda kuka saba.

Direban tanka daga Zariya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya same ka ya same ni lokacin da na fara bin layin lodi a Apapa, inda mota takan yi kwanaki ba ta matsa ko taku ɗaya ba, ga zafi da gumi, ga sauro. Da farko nakan rufe gilashi ruf in kunna maganin sauro mai hayaƙi kamar yadda na ga ana yi, sai in wayi gari da ciwon kai da nauyin ƙirji. Da na ɗaura gidan sauro a jikin gadon, na bar gilashi a ɗan buɗe ta ɓangarorin biyu, sai barcina ya daidaita. Mu masu dakon mai kuwa, kunna kowace irin wuta a kusa da mota ganganci ne.

Tsohon direba daga Gusau:
Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. A zamaninmu Marsandi 911 muke ja, wadda ba ta da gado ko kaɗan, saboda haka tabarma muke shimfiɗawa a gefen mota, mai gida a kan kujera, yara a ƙasa. Ku da kuka samu DAF da Howo masu gado kun samu sauƙi, amma a ganina wurin da ka tsaya ya fi shimfiɗar da ka kwanta a kai muhimmanci. Mutumin da ya faka shi kaɗai a bakin daji ba zai yi barci ba ko da katifar gidansa ya ɗauko, domin kunnensa yana kan batir da tankin gas da igiyar tampol. Ka lissafa tafiyarka tun da rana yadda magariba za ta same ka a inda 'yan'uwa ke taruwa, kamar Mararrabar Jos ko Ogere, ka biya mai gadi ɗan abin da ake biya, ka gaisa da maƙwabtanka na dama da hagu, ka sa waji a taya kafin ka hau. Kuma ka hana yaron motarka kwanciya a ƙarƙashin tirela duk tsananin zafi, domin direban da ya tashi cikin magagi yana iya tayar da mota bai leƙa ba, kuma an sha rasa rayuka ta wannan hanya.

Direba daga Maraɗi:
Na goyi bayan Baba. Lokacin da nake dakon kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, mukan kwana a Malanville muna jiran a gama takardu kafin mu haye gada zuwa Gaya. Da hunturu sanyi yakan ratsa ƙarfen mota sosai, har wasu su shigo da garwashin dafa shayi cikin mota su rufe ƙofa. Kada ka kuskura, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci bai farka ba. Bargo mai kauri da safa sun wadatar.

Direban siminti, hanyar Obajana:
Ɗan'uwa, ka duba abin da kake ci da sha. Ni goro da shayi mai kauri bayan la'asar ne suka riƙa hana ni barci, kuma da na mayar da su safiya sai na ga bambanci. Ƙwayoyin da ake tallatawa a tasha da sunan maganin gajiya kuwa, ka nisance su, domin ido yana buɗe amma hankali ya riga ya kwanta. Idan gyangyaɗi ya kama ni bayan azahar, nakan nemi wuri mai aminci in yi ƙailula, ko da mai kaya yana ta kira a waya, in bayyana masa dalili idan na tashi.