Yadda za a koya wa yaranmu lissafi a Zongo

Mun zauna bayan la'asar a Zongon Kumasi kan yaran da lissafi ke ba wa wuya. Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a fara da ƙirgen gida. Wani dattijo ya tuna mana cewa ashirin da talatin daga Larabci muka aro. Kakanninmu gomiya biyu, gomiya uku suke cewa, kuma yaron da ya ji haka ya riga ya kama ninkawa.

Wata malama ta ce kada a raina "ashirin ba ɗaya", ragewa ce tsantsa. Yarbawa ma haka suke yi, 15 a wurinsu ashirin ne babu biyar. Faransawa kuwa 80 ashirin huɗu suke kiranta. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Masu sayayya a kasuwar Kejetia ta Kumasi suka nace a koya wa yaran ƙirgen harshen Asante, baako (ɗaya) har du (goma), aduonu (ashirin), ɔha (ɗari). Kuma a bayyana musu cewa tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, kuɗin Ghana, shi ya sa tsohuwa ke cewa "miliyan" tana nufin sidi 100.