Neman Shawara kan Gyaran Hotunan Balbela da na Ɗauka a Dausayin Haɗeja-Nguru

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana ɗaukar hoton tsuntsaye kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A lokacin hunturu na ɗauki hotunan balbela da zalɓe a dausayin Haɗeja-Nguru, da gilashin kyamara mai tsawon milimita 300, kuma na adana su a tsarin RAW (wanda ke riƙe cikakken bayanan hoto kamar yadda kyamara ta ɗauka) domin in samu sararin gyara.

Matsalar ita ce farin gashin balbela ya ƙone da haske, musamman a gadon baya da kafaɗar fiffike, har ba a iya rarrabe gashi ɗaya daga ɗan'uwansa. Idan na rage hasken wuraren a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, sai farin ya koma ruwan toka mai dauɗa. Idan kuma na cire hazon da ya lulluɓe hoton, sai ciyawar kachalla da ke bayan tsuntsun ta yi kaifi har ta janye ido daga kansa, wani siririn zobe mai haske kuma ya bayyana a kewayen baki da ƙafafu.

Shin akwai hanyar dawo da zanen gashin, ko kuwa abin da ya ƙone ya ƙone ke nan? Sannan game da tsarin hoton, tsuntsun yana duban dama amma sararin da ke gabansa kaɗan ne, kuma yanke gefen hagu na hoton domin daidaita shi yana cinye inuwarsa a ruwa, wadda a ganina ita ce ƙawar hoton. Wanne ya fi dacewa in sadaukar? Na gode.