A ina zan kai yara su ga tsohon jirgin ƙasa?

Maman Yara: Salam jama'a, don Allah ina neman shawara, yarana sun dame ni da zancen jirgin ƙasa mai hayaƙi tunda kakansu ya ba su labari, hutun nan ina so su gani da idonsu. Akwai inda aka ajiye irinsa a Najeriya?

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kai su gidan tarihi na Jos, akwai tsofaffin kawunan jirgin da ya riƙa zirga-zirga tsakanin Zariya da Jos saboda kuza, layinsa siriri ne sosai, a 1957 aka rufe shi. Ga gidan zu nan kusa kuma, yara za su more wallahi.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe: In kin je Legas kuma akwai Jaekel House a Ebute Metta cikin kwatas ɗin reluwe, tsohon gini ne mai ɗauke da hotuna da kayan aikin da. Ni abin da ke damuna Kano da jirgi ya iso tun 1911 ya kamata a ce muna adana kayanmu haka.

Maman Yara: Na gode Baba, Jos ɗin ta fi mana kusa, in sha Allah can za mu fara.